Jirgin da ya ɓullo ta arewa: tafiyata daga Kano zuwa Njamena

Ɗaurin auren 'yar kawuna ne ya kai ni Njamena a hunturun da ya wuce, amma akwai wata 'yar buƙata tawa da na ƙunsa a ƙasan jaka ban gaya wa kowa ba. Kakana na wajen uba ya yi leburanci a filin jirgin Kano lokacin yaƙin Hitila, aikinsa mirgina duron mai daga bakin mota zuwa inda ake shayar da jirage. Muna yara yakan ce mana jiragen nan daga bakin teku suke zuwa, su kwana, su sha mai, gari na wayewa su yi gabas, kuma bai taɓa ganin wanda ya dawo ba. Mu a lokacin tatsuniya muka ɗauke ta. Sai da na yi gemu na gane tsohon ba ƙari ya yi ba.

Abin da ya faru shi ne, da Italiya ta shiga yaƙi a watan Yunin 1940, Bahar Rum ta zama ba ta ratsuwa ga jiragen ruwan Ingila, ga shi kuwa sojojinta da ke Masar suna neman jiragen sama ruwa a jallo. Sai suka koma kawo jiragen a wargaje cikin akwatuna zuwa Takoradi da ke Gana, a haɗa su a can, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lami, su faɗa Sudan ta Janaina da Fashir, su kai Khartum, sannan su bi kogin Nilu har Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a watan Satumban 1940, kuma kafin a daina, jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Fort Lami ɗin nan ita ce Njamena ta yau. Ita ce kuma wadda Jamusawa suka jefa wa bom a 1942, daga wani ɓangaren da ba wanda ya zuba wa ido. Wurin da aka yi wannan abu nake so in gani.

Daga Kano zuwa Maiduguri ba wani labari. Wudil, Azare, Potiskum, Damaturu, shingen bincike bayan shingen bincike, mai sayar da rake da mai ƙwai suna cusa hannu ta taga. Abin da kawai ya tsaya mini a rai shi ne hazo. Tun daga Potiskum rana ta koma kamar faranti, kana iya kallonta ido da ido, bishiyar kuka da ke nesa kaɗan sai dai ka ga inuwarta. Na riƙa tunanin yaran Turawan da aka ba wa ƙananan jiragen yaƙi masu inji ɗaya aka ce su bi bayan babban jirgi mai jagora a cikin irin wannan ƙura. Wanda ya ɓace wa ayari, sai dai wani ikon Allah.

A Maiduguri na kwana, da asuba muka yi layi a bakin gari muna jiran rakiyar sojoji zuwa Gamboru. Direbanmu Babarbare ne, Hausarsa kamar ruwa, ya ce mini, "Malam, in kana da fitsari ka yi shi yanzu, in an tashi ba tsayawa." Haka kuwa aka yi. Mun ratsa Dikwa, garin da Rabe ya yi hedikwatarsa, ban ga komai ba sai ganuwar ƙasa da sojoji suka tara da rumfunan 'yan gudun hijira. Ƙasar wajen nan shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma, baƙa, ta daddage saboda rani. Da damina kuwa taɓo take zama, mota ba ta motsi. Wannan ya sa na fara lissafin man da kakana yake mirginawa. A zamanin yaƙin layin dogo bai wuce Nguru da Jos ba, bai iso Maiduguri ba sai 1964, Chadi kuwa har gobe ba ta da shi. Ke nan duk duron man da aka tara a Fort Lami, a bayan mota ko a cikin jirgin ruwa ya yi tafiyar makonni kafin ya iso. Mai a garin nan ya fi zinariya.

Muka haye gadar Gamboru zuwa Fotokol ta Kamaru, muka canja naira zuwa sefa a hannun wani yaro mai jaka a wuya, muka shiga wata motar da ta kai mu Kusuri bayan la'asar, jiki duk ya yi tsami. A Kusuri ne aka yi karon da Rabe ya mutu a cikinsa ranar 22 ga Afrilun 1900, shi ma kwamandan Faransawa, Lamy, a nan ya bar duniya. Abokansa suka kafa sansani a ɗaya gaɓar kogin suka sa masa sunansa, sunan da garin ya riƙe har 1973 lokacin da Shugaba Tombalbaye ya mai da shi Njamena. Ɗan kawuna ya tarye ni a gadar Ngeli da babur, muka kutsa cikin gari ana kiran magariba.

Kawu ya haura saba'in, a nan aka haife shi. Mahaifinsa alhajin ƙasa ne, ya taso daga ƙasar Kano da niyyar Makka, guzuri ya ƙare a Fort Lami, ya tsaya ɗinkin hula don ya tara na gaba, aure ya riƙe shi. Irin su suna da yawa a garin. Bayan an watse daga walima, muna zaune a tabarma ana zuba mana shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi, na ce, "Kawu, ina ne jirgi ya jefa bom a garin nan?"

Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Na Gaddafi? Filin jirgi mana. Ai ina kasuwa ranar."

Na ce ba shi ba, na Jamus, tun zamanin Turawa.

Ya ajiye kofi ya dube ni. "Ɗana, Jamus ina, nan ina?"

Na yi dariya har da riƙe ciki, don kuwa tambayar da ya yi ita ce daidai lissafin da ya yaudari masu tsaron garin shekara tamanin da suka wuce.

A sa kai a matsayin hafsan da aka ɗora wa aikin auna haɗarin harin sama a kan wannan hanya a 1941. Taswira ce a gabansa da kamfas na zana da'ira. Zai nemo filin jirgin abokin gaba mafi kusa, ya kafa tsinin kamfas a kai, ya buɗe shi gwargwadon nisan da jirgi zai iya zuwa ɗauke da bom kuma ya koma gida, ya zana. Duk abin da ya faɗa cikin da'irar yana cikin haɗari, wanda ke waje ya yi barci da munshari. Sannan ya tambayi kansa ko mutanen can suna da mai, ko suna da niyya. To, a wannan lissafi, ba Jamus ce abin tsoro ba, maƙwabci ne. Bayan Faransa ta faɗi, ƙasashen da take mulka suka rabu biyu. Gwamnan Chadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan asalin Guyana ta Faransa, ya bi Janar de Gaulle ranar 26 ga Agustan 1940, Kamaru ta biyo baya kashegari. Nijar da Dahomey da sauran ƙasashen da ake juyawa daga Dakar kuwa suka tsaya tare da gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Hitila. Wato Damagaram, wadda ba ta kai kilomita 250 daga Kano ba, ta koma hannun waɗanda ba a san inda suka sa gaba ba. Jirgin da ya tashi daga can, kafin a dafa shinkafa ya iso Kano.

Tsoron kuma ba na banza ba ne. A Satumban 1940, da Ingila da mutanen de Gaulle suka kai wa Dakar farmaki, jiragen Vichy sun rama ta hanyar yi wa sansanin Ingila da ke Jibralta ruwan bama-bamai kwana biyu a jere. Sun kuma riƙa shawagin leƙen asiri a kan tashar jiragen ruwan Freetown. Duk mai hankali idonsa yamma da arewa maso yamma zai koma. Ga shi bindigogin kakkaɓo jirage ba su wadata ba, Landan na so, Malta na so, mashigin Suez na so, ɗan abin da ya rage wa Afirka ta Yamma tashoshin bakin teku za a fara ba wa. Fort Lami kuwa, tsakaninta da Hun, zangon da Italiyawa suke da filin jirgi a tsakiyar Libiya, kusan kilomita 1,900 ne, kuma galibinsa rairayi da duwatsun Tibesti. Galibin jiragen bom na lokacin ba za su iya wannan tafiya zuwa da dawowa da cikinsu ɗaya ba. Da'irar ba ta kawo nan ba. Da ni ne a kujerar hafsan nan, abin da zan rubuta ke nan, in sa hannu in tafi shan iska.

Abin da kamfas bai nuna ba shi ne za a iya ɗaga tsininsa a matso da shi. Wani Bajamushe mai suna Theo Blaich, wanda ya san Afirka tun kafin yaƙi, har da ɗan ƙaramin jirginsa na kansa ya shigo soja, shi ya gane muhimmancin Fort Lami. Ya so a kame garin, manyansa ba su saurare shi ba, sai ya koma neman izinin a kai masa hari ko sau ɗaya. A can kudancin Fezzan, yankin kudu maso yammacin Libiya, akwai wani fili mai tauri a tsakiyar sahara, ba gini ba rijiya, wanda wani Ba'italiye masanin hamada, Vimercati, ya gano tun shekarun 1930, suna kiransa Campo Uno. Nan suka mayar zango. Jirgin Italiya ya kai musu mai can, suka cika cikin wani jirgin bom ƙirar Heinkel 111, suka tashi da safiyar 21 ga Janairun 1942, mutum shida, har da Blaich da Vimercati.

Bayan azahar suka iso. Jirgi ɗaya tak. Ya zubar da bom 16, kowanne kilo 50, a kan filin jirgin da ma'ajiyar mai, kafin masu tsaro su farga ya juya arewa. Man da ya ƙone an ƙiyasta shi da galan 80,000, ban da jiragen da suka lalace a ƙasa. Na tuna da hanyar Dikwa, na raba wannan adadi da abin da duro ɗaya yake ci, na ga duro fiye da dubu ɗaya da ɗari biyar, kowanne akwai bayan wani lebura a kansa.

Da na kai nan a labarin, kawu ya ce, "To ai Turawan ne ba su yi tambaya ba. Wa ya ce musu sahara katanga ce?" Ya kama lissafa mini zangon fatake kamar mai karanta fatiha: Murzuk, Bilma, Ngigmi, Kukawa. Gaskiyarsa. Hanyar da jirgin ya biyo ba ta da nisa da wadda raƙuma suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi tsakanin Tarabulus da Barno. Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne su kansu Faransawan Chadi sun fi kowa sanin haka. Shekara guda kafin harin, a Janairun 1941, sun haɗu da 'yan sintirin hamada na Ingila sun kai wa Murzuk farmaki, a watan Maris kuma kwamandansu Leclerc ya ƙwace Kufra daga hannun Italiyawa, duk ta cikin wannan saharar, da motoci masu ɗauke da mansu da ruwansu. Sun san yadda ake ajiye mai a tsakiyar daji a yi tsalle biyu. Sai dai mutum yakan ɗauka dabarar da ya iya shi kaɗai ya iya ta.

Amma fa ban yarda a ce masu lissafin wawaye ne ba, kuma na gaya wa kawu haka. Dubi abin da ya sami maharan. A hanyar komawa duhu ya rufe su, mai ya ƙare, suka sauka a tsakiyar hamada ba su kai zangonsu ba. Kusan mako guda suna zaune a gindin jirgi suna auna ruwa da cokali, sai da wani jirgin sintiri na Italiya ya hango su, sannan wani na Jamus ya kawo musu mai. Saura ƙiris su mutu a kan bom 16. Ba su kuma sake maimaita irin wannan hari a kan garin ba. Ke nan lissafin da ya ce abin yana da wuya ƙwarai bai yi ƙarya ba, kuskurensa ɗaya, ya mai da "da wuya" ya zama "ba zai yiwu ba", aka tara mai wuri ɗaya kamar tsibin gyaɗa. Damagaram ɗin da ake ta kallo kuwa ba ta taɓa turo wa Kano jirgi ba, har Nuwamban 1942 da Dakar ta sauya sheƙa ta koma ɓangaren Ingila da Amurka. Bayan harin, Leclerc ya ƙarfafa tsaron sama na Fort Lami, ya matsa wa sansanonin Italiyawa a Fezzan, a Janairun 1943 ya isa Tarabulus. Daga nan ba sauran inda za a kafa tsinin kamfas.

Akwai wani abu da yake ci mini tuwo a ƙwarya game da irin wannan lissafi, na can da na yau. Abin da ake aunawa shi ne mai, titin jirgi, jiragen da ke ajiye. Mutanen gari, masu ɗinkin hula irin mahaifin kawu da matan da ke shanya kifi a bakin kogin Shari, ba su ne aka zana wa da'ira ba. Yaƙin ba nasu ba ne, ba a shawarce su ba kafin a mai da garinsu zangon jirage, amma da matuƙin ya saki kayansa daƙiƙa kaɗan kafin lokaci ko bayansa, a kan rufinsu za su sauka.

Kashegari ɗan kawuna ya goya ni zuwa wajen filin jirgin, wanda yanzu ake kira da sunan Hassan Djamous. Ba shi da nisa da tsakiyar gari ko kaɗan, ka bar titin Charles de Gaulle da shagunansa, ɗan tafiya kaɗan sai ga katanga da waya mai ƙaya. A gefensa sansanin da sojojin Faransa suka zauna yake, wanda suka tattara suka bari a ƙarshen Janairun 2025. Na sa hannu aljihu zan ciro waya, yaron ya riƙe mini hannu ya ce, "Yaya, rufa mana asiri, nan ba a ɗaukar hoto." Na mayar. Ba wani abin gani dama. Ba allo, ba alama, ba ramin bom. Wata mata tana soya ƙosai a gindin bishiyar maina, wasu awaki suna cin kwali. Na juya na fuskanci arewa, inda jirgin ya ɓullo, ban ga komai ba sai farin hazo da ya haɗe sama da ƙasa. A irin wannan wata aka kawo harin. Na tsaya ina tunanin sojan da aka ajiye a bakin bindiga a garin da jiragen abokai suke sauka kullum daga Maiduguri: ya ji ƙugin inji a sama, me zai sa gabansa ya faɗi?

Da dare kawu ya ba ni nasa labarin, wanda ya fi nawa armashi don shi da kunnensa ya ji. Ranar 16 ga Fabrairun 1986 jiragen Faransa suka farfasa filin jirgin da Libiya ta gina a Wadi Dum, can arewacin Chadi. Kashegari da safe jirgin Libiya guda ɗaya, ƙirar Tupolev 22 ta Rasha, ya taso daga arewa ya jefa bom a kan titin jirgin Njamena ya wuce abinsa. Ya ce yana buɗe rumfa ke nan ya ji ƙasa ta girgiza, tantabarun babban masallaci suka tashi gaba ɗaya, kowa ya riƙa duban sama alhali mai abin ya daɗe da tafiya. Jirgi ɗaya, daga arewa, filin nan dai, shekara 44 tsakani. Bayan nan ne Faransawa suka girke makamai masu linzami na kakkaɓo jirage, kuma a Satumban 1987 da wani Tupolev ɗin ya sake zuwa, suka harbo shi.

Na ce, "Kawu, ashe sai an sha duka ake gyara ƙofa."

Ya ce, "Kai dai sha shayinka, ya huce."

Kwanana biyar na yi haramar gida. Uwargidan kawu ta cika mini jaka da bandar kifi da dabino, ta ce in kai wa mahaifiyata, ta kuma ja mini kunne kada in bari masu bincike a hanya su rage. A gadar Ngeli muna cikin layin masu tafiya a ƙasa, tsakanin mata masu ɗauke da buhunan albasa da 'yan makaranta, sai na ji ƙarar jirgi a sama, ƙasa-ƙasa, yana neman sauka. Na ɗaga kai na bi sautin da ido tun daga kan kogin har ya dushe a bayan gari, ban ga ko fiffikensa ba. Jandarman da ke riƙe da takarduna ya ƙwanƙwasa tebur da biro, ya tambaye ni da Larabcin Chadi ko a sama na ajiye katin rigakafina.